Sanduna Huɗu a Allon Batir

Da sunan Allah. Ina gaida duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa, tun ba ma wadda ke da mara lafiya kwance a ɗaki ba.

Sunana Hadiza, Inna Dije ake ce mini, a Birni nake zaune, cikin Damagaram. Ban shiga lakkol ba, makarantar boko. 'Yata Rabi, da ke koyarwa a Takeita, ita ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini magana ko a inda na yi laifi. Kwana tara ke nan da na fita takaba. Jinyar mahaifinta nake so a rubuta, daga farkon tari har ranar da aka fita da shi, domin akwai abin da na gani da idona ban gane shi ba, kuma ba na so wata ta gan shi ta yi murna yadda na yi.

Malam ya fi shekara talatin yana riƙe da injin niƙa a bakin lungunmu. Kullum da yamma yakan shigo fari fat, har gashin ido, in zuba masa ruwa yana tari yana dariya. Tarin ya daɗe da zama ɗan gida, ba mu ɗauke shi ciwo ba. A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, niƙa ya ragu ƙwarai. Matar da ta saba kawo tiya biyar sai ta zo da ɗaya a bakin zane. Na ce to, ko ba komai ƙirjin Malam zai huta da ƙurar gari. Lokacin ne kuwa ciwon ya tashi.

Makon farko numfashi ne ke yanke masa in ya dawo daga masallaci, sai ya dafa bangon zaure ya tsaya. Mako na biyu ya koma yin salla a zaune. Babu zazzaɓi, babu jini, busasshen tari ne kawai, sai kan yatsunsa da suka kumbura. 'Yan uwa kowa ya zo da nasa. Yaya Mamman, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, ya kawo zuma da rubutu. Gwaggonsu ta Guna ta aiko da sassaƙe, ta ce a turara shi cikin bargo. Sau ɗaya muka gwada, sai da aka fito da shi tsakar gida ana masa fifita. Wanzami ya yi masa ƙaho a baya. Duk mun gode, duk mun gwada, wata guda ya tafi a haka.

Rabi ce ta zo hutu ta ce, "Inna, gobe sai asibiti, ko Baba ya yarda ko bai yarda ba."

Malam ya ce, "Ji mini yarinya. Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ta ce, "Kai ka haife ni, Baba. Shi ya sa."

Mun fita bayan asuba, muka tarar layi ya riga mu. Yawanci matan ƙauye ne da yara masu tamowa a baya, sun shimfiɗa zannuwa a inuwar katanga. Ba a kira mu ba sai bayan azahar. Aka karɓi kakinsa don gwajin tarin fuka, muka jira kwana uku, aka ce ba shi ba ne. Aka tura mu hoton ƙirji, wanda suke ce wa radiyo. Sau biyu muna zuwa muna komowa, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. A na uku aka ɗauka.

Likitar mace ce, siririya, ba ta kai Rabi shekaru ba. Ta ɗaga hoton wajen taga ta daɗe tana kallo.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Niƙa."

"Shekara nawa?"

Da ya faɗa mata sai ta ajiye hoton, ta juyo wajena. "Inna, huhun Baba ya yi tauri, kamar soson da aka bari a rana. Ba zai koma yadda yake ba. Amma in yana samun oksijan zai zauna da ku, ya ci abinci, ya yi hira." Ran nan na fara jin wannan kalma. Iska ce tatacciya, ana sa masa ta hanci da ɗan siririn tiyo.

Kwana goma sha tara muka yi a kwance. Akwai wani majo, babban ma'aikacin jinya mai furfura, da ke zagayowa ko ba lokacinsa ba, ya gyara wa Malam matashi, ya tambaye ni ko na ci. Allah ya saka masa. Amma kuma komai sai ka saya a waje, har safar hannun da za a taɓa majinyacinka da ita, har ruwan alwala. A mako na farko ragon da nake kiwo ya tafi. A na biyu injin niƙan kansa ya tafi, wani mutumin Mirya ya saye shi. Da aka gaya wa Malam sai ya juya fuska bango.

Ɗanmu na fari, wanda muke ce wa Babba, yana aikin gini a Aljeriya. Shi ya aiko aka sayi injin iska na gida, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, ana jona shi a wuta ya yi ta gunji yana tace iska. Muka kuma ɗauko hayar butal ɗin oksijan guda, doguwar kwalbar ƙarfe, don ranar da babu wuta. Likita ta kafa mana doka da za a sallame mu: ba gawayi, ba turaren wuta, ba ashana kusa da ɗakin. Saboda haka Rabi ta sayo butar dafa ruwa mai aiki da kuran.

Sai dai kuran a shekarar nan ba a dogara da shi. Kullum sai an ɗauke, wani lokaci daga hantsi zuwa azahar, wani lokaci ya zarce. Babba ya sake aikowa, aka kira Ila, mai gyaran wuta na unguwar Zango, mutum ne da manyan 'ya'ya. Ya kawo batir biyu manya, da wani akwatin ƙarfe da ya kafa a bango wajen ƙafar gadon Malam. Ondilar suke ce masa. In akwai wutar gari ya cika batir, in an ɗauke ya ba injin iska daga abin da ya tara, ko ƙiftawa injin ba ya yi. A gaban akwatin akwai ɗan allo mai haske, bai kai tafin hannu ba, da maɓallai huɗu a ƙarƙashinsa.

Da ya gama ya ce, "Inna, zo nan. Ba Rabi ba, ke, don ke ce ke wuni da shi."

Na ce, "Ila, ni fa boko ko baƙi ɗaya ban sani ba."

"Kin iya ƙirga tiya?"

"Tun ba a haife ka ba."

"To shi ke nan, kin gama karatu. Bar lambobin nan, ba ruwanki da su. Dubi sandunan nan. Huɗu, batir ya cika. Uku, lafiya lau. In kin ga biyu, cire komai, a bar injin Baba shi kaɗai. In kin ga ɗaya, buɗe butal ki kira ni. Ɗan ƙwan nan in kore ne, wutar gari ce. In ya koma ruwan ɗorawa, batir kuke ci, za ki ji yana ƙit, ƙit, jefi-jefi. In ya kusa ƙarewa kukan zai haɗe, ba zai bar ki ki zauna ba."

"Maɓallan fa?"

"Kada ki taɓa, kada ki bari a taɓa. Injin Baba da fanka ɗaya, zai kai ku daga hantsi har kusan magariba."

Ya sa na maimaita sau uku. Malam na kwance da tiyo a hanci yana cewa, "Dije ta shiga lakkol da tsufa."

Makonni shida da suka biyo su ne masu daɗin jinyar. Malam ya koma cin tuwo, yana zama a bakin gado ya saurari rediyo, har gemu ya sa aka gyara masa. Ni kuwa allon nan ya zama abin dubawata. In na idar da salla in duba, in na sauke tukunya in duba. Na fi kallonsa a kan fuskar mijina, wannan gaskiya ce. Ba mu taɓa sauka ƙasa da sanduna biyu ba. A mako na biyar na ce a mayar da butal, tunda ba mu taɓa buɗe shi ba ga haya tana ci kowane mako. Rabi ta yi gardama ta waya, na fi ta. Ni na mayar da shi, ba wani ba.

Bazara ta shigo da zafin da ban taɓa gani ba. Rumbuna sun ƙare a ƙauye, matan dangin Malam uku suka zo daga Guna da yaransu suka sauka a ɗakin baya. Labari kuma ya bazu cewa gidan mai niƙa akwai wutar da ba a ɗaukewa. Masu dubiya suka ƙaru. Mutum ya shigo da sallama, ya ce ya jiki, idonsa na bin bango yana neman inda zai soka wayarsa. Wata rana Malam ya ce wa wani abokinsa, "Sannu da zuwa, Malam Isa. Ni ka zo gani ko bangona?" Aka yi dariya, aka kuma soka wayar. Wa zai hana wanda ya tako ya zo gaishe ka? Waya ba ta cin wuta da yawa, in ji Ila, sai na ƙyale.

Ruwa shi ne babbar wahala. Famfon lungunmu sai ya yi kwana biyar bai ɗigo ba, masu ga-ruwa kuma ba sa shigowa rairayinmu sai da roƙo. Maƙwabciyata Hajiya Fanna, katanga ɗaya ta raba mu, tana da tankin siminti. Kowace safiya bido biyu, manyan jarkoki, take aiko mana, ba ta taɓa karɓar komai ba. Da ruwanta nake wanke Malam, da shi nake dafa wa mutanen Guna. Sana'arta ƙanƙara ce, tana da babban firji. Wata rana ta shigo gaisuwa, cikin hira ta ce ƙanƙararta ta narke sau uku a mako guda. Ba ta roƙa ba. Malam ne ya ce, "Hajiya, a jawo waya ta kan katanga."

Na ce masa Ila ya hana. Ya ce, "Ila ne ke kawo miki ruwa?"

Sai muka yi tsari ni da ita. In an ɗauke wuta ta jona firjinta, ni ina duba allo. Da na ga sanduna biyu sai in buga katanga da muciya, ta cire. Mun yi haka ya fi sau goma, ba a sami matsala ba. Duk tsarin a kan idona yake.

Ranar wata Alhamis Yaya Mamman ya shirya saukar Alƙur'ani don neman sauƙi ga ƙanensa. Malamai takwas ya kawo. Huɗu suka zauna cikin ɗakin Malam, huɗu a rumfar bakin ƙofa, aka aro fanka biyu aka ƙara a kan tamu. Da hantsi aka ɗauke wuta, ɗan ƙwan ya koma ruwan ɗorawa, Fanna ta jona firjinta kamar yadda muka saba. Karatu ya yi nisa, akwatin na ta ƙit, ƙit. Na leƙa na ga sanduna uku, na koma madafa.

Ina kawo ruwan sha sai na tarar da Yaya Mamman tsaye gaban akwatin, ya sa tabarau.

Na durƙusa na ce, "Yaya, mai gyaran ya ce kada a taɓa."

Ya ce, "Ana karatun Alƙur'ani abu na kuka kamar ɗan tsako? Ba ɓata shi zan yi ba, Hadiza, bakinsa zan rufe. Ina da irinsa a shago."

Ba irinsa ba ne, na sani, nasa ɗan ƙarami ne na fitila. Amma wan miji ne, ga malamai na ji. Ya danna wannan, ya danna wancan, ya koma ya danna na farko ya riƙe. Kukan ya tsaya. Ya ce, "To, kin gani." Na duba allo da kaina. Ƙwan na nan ruwan ɗorawa, injin Malam na gunjinsa, sanduna uku suna nan. Hankalina ya kwanta.

Malamai sai da shayi, gawayi kuma an hana. Ɗaya daga matan Guna ta jona butar kuran a wayar da ke rumfa. Ban taɓa barin a jona ta in babu wutar gari ba, amma ran nan hannuna na cikin tuwon mutum ashirin, ban ma san an jona ba sai daga baya. Butar ba ta huta ba, ana juyewa ana sake cikawa.

Wajen tsakar rana na shiga na duba. Sanduna huɗu.

Na goge idona da bakin mayafi na sake dubawa. Huɗu ne. Tun da aka kafa akwatin ban taɓa ganin sanda ta ƙaru ba alhali babu wutar gari. Na kalli malaman, kowa ya sunkuya a kan izunsa, ɗaki ya cika da karatu. Na fita ina hamdala.

Fanna ta kira ta kan katanga, "Dije, ban ji muciya ba. In cire?"

Na ce, "Bar shi, Hajiya, huɗu ne!"

"Huɗu? Tun hantsi fa babu wuta."

"Wallahi huɗu. Uku ne ɗazu, ya koma huɗu. Albarkar karatu ce."

Ta ce, "Allahu akbar," na ji tana gaya wa 'yarta.

Na duba da aka kira azahar, huɗu. Na duba bayan an idar, huɗu. Malam na jingine da matashi, idonsa a buɗe, yana jan carbi. Na ce, "Malam, ka ga ikon Allah?" Ya dube ni ya gyaɗa kai.

Ana cikin rabon tuwo, fanka uku suka tsaya a lokaci guda. Injin iska ya yi wani dogon kuka ya yi shiru. Allon ya mutu, baƙi ƙirin. Na buga akwatin da hannu, Yaya Mamman ya danna maɓallan duka, babu abin da ya motsa. Na juya inda butal ke tsayawa, sai tabon gindinsa a ƙasa.

Ɗakin da mutum goma a ciki, rana ta take. Kafin a gama salati Malam ya fara jan numfashi da kafaɗu, leɓɓansa suka yi duhu. Na kira Ila, yana Mirya wajen aiki. Aka aika neman adaidaita, mai ita ya ce ba zai shiga rairayin lungunmu ba, zai kafe. Malamai huɗu suka ɗauki Malam cikin bargo, kowa ya kama kusurwa, suka bi lungu da shi har bakin babbar hanya, ni ina biye ba takalmi ina masa fifita da faifai. Fanna ta biyo mu da ƙanƙara a ƙwarya tana shafa masa a goshi tana kuka. Da muka isa asibiti ba ya gane kowa. An karɓe shi da sauri, wannan kam ba ni da abin cewa sai godiya. Wutar gari, an ce, sai magariba ta dawo.

Rabi ta iso da yamma. Washegari ta mayar da ni gida in yi wanka, muka tarar Ila na jira a zaure. Batir ya sake cika, allon ya kunnu. Na ce, "Ila, akwatinka ya yi mini ƙarya. Huɗu ya nuna mini har ya mutu."

Ya duba akwatin, sannan ya ce, "Inna, matso." Ya danna maɓalli ɗaya, allon ya sake. Ya ƙara dannawa, ya sake. Ashe fuska shida ke gare shi, ni ɗaya na sani. Biyu daga ciki suna da sanduna, iri ɗaya sak.

"Wannan ita ce taki, ta batir. Kin ga ɗan hoton da ke gefe, kamar tubali mai ƙaho biyu? Wannan kuma, mai hoton ƙwan fitila, ta kaya ce. Nauyin da aka ɗora wa akwatin take nunawa. A kanta aka bar miki shi jiya. Sanda huɗu a nan, jaki ne aka labta wa kaya har ya kusa durƙushewa. Firji, fanka uku, buta, injin Baba. Kukan da zai gaya miki kuma an rufe shi."

Na ce, "Me ya sa ba ka nuna mini ba tun farko?"

Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Na ce kada in cika ki da abubuwa, Inna."

Ila mutumin kirki ne, ko yaushe na kira shi yana zuwa. Amma da ya cika ni. Macen da ta riƙe gida shekara arba'in da biyar za ta iya riƙe hoto biyu a kanta.

Saboda haka ke da aka kafa wa irin wannan akwati don mara lafiya, ko kin yi karatu ko ba ki yi ba, kada mai gyara ya fita sai ya nuna miki kowace fuska ta allon, da yadda ake komowa kan ta batir, da yadda ake mayar da kukan in an rufe shi. Ki riƙa duba hoton gefe kafin ki ƙirga sanduna. Batir ba ya ƙaruwa in babu wuta. In kin ga ya ƙaru, ba shi kike kallo ba. Kukan nan mai damun baƙi, a bar shi ya dame su. Kada ki mayar da butal, ko shekara zai yi ba a buɗe ba. Wayar wutar mara lafiya kuma tasa ce shi kaɗai. In ba ki iya hana babba da bakinki ba, ki sa mai gyara ya rufe maɓallan da wani abu, ya ce dokarsa ce.

Malam ya farfaɗo a kwana na biyu, amma yanzu abin rufe hanci da baki aka sa masa, tiyon ya daina isarsa. Na tambayi likita ko abin da ya faru ne ya jawo. Ta ce, "Inna, ciwon dama yana tafiya. Wannan ya tura shi gaba. Kwana nawa ya rage masa, ban sani ba, ba kuma zan yi miki ƙarya ba." Yaya Mamman kullum yana bakin ƙofar ɗakin daga safe har yamma, bai yarda ya zauna ba ko an ba shi kujera. Na gaishe shi, ya amsa, ba mu haɗa ido ba. Har yau ba mu cika haɗawa ba, ko da yake shi ya tsaya a kan komai na jana'iza, ya kuma ciyar da mutanen Guna har damina.

A kwana na uku da hantsi, Rabi ta fita sayen magani, muka rage mu biyu. Na ce, "Malam, ka yafe mini. Ni aka ba tsaron allon, na kalli wata fuska na ce taka ce."

Ya ɗaga abin hancin kaɗan. Maganarsa guntu-guntu take fita, yana hutawa tsakani.

"Na sani, Dije."

"Ila ya gaya maka?"

"Tun kafin azahar na sani. Shekara talatin ina tare da inji. Na ji fankar cikin akwatin ta sake murya. Inji in an yi masa nauyi, haka yake yi."

Na ce, "Ka ji, ka yi shiru?"

"Malamai na ɗakina, don ni suka zo. In ce a kashe musu fanka? In ce a sauke musu shayi? Ga Yaya. Ga Hajiya da ruwanta." Ya mayar da abin ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. "Kwana biyu a jere kafin ran nan, da azahar aka kawo wuta. Na ce ran nan ma za a kawo."

"Da ka kira ni a kunne. Da muciya ɗaya zan buga."

"Na so. Sai kika shigo fuskarki duk haske, kina ce mini ikon Allah. Wata nawa rabon da in gan ki haka." Ya kama bakin mayafina. "Kada ki ɗauki laifin ke kaɗai. Raba shi biyu, ki ba ni nawa."

Na mayar masa da abin hancin, na gyara igiyar a bayan kunnensa, na zauna ina kuka yana bubbuga mini hannu, shi da ba shi da numfashi.

Washegari bayan azahar ya cika, Rabi na riƙe da kansa, ni ina wajen ƙafafu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ina kukansa kullum, ba na ɓoyewa. Nawa rabin na riƙe shi, ban ajiye ba. Nasa kuwa ina roƙon duk wanda ya karanta, ko aka karanta masa, ya sa baki Allah ya yafe masa shi, ya yalwata masa kabari, ya ba shi iskar da ba ta yankewa. Masu jinya kuma Allah ya ba ku lada, ya tashi kafaɗun naku.